Rigar da Maraƙi Ya Tauna

A gidanmu ba a yar da tufa. Kaka, mahaifiyar Baba, tana da wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki a bayan gadonta, a ciki take tara duk ƙyallen da ya rage, ko da bai wuce tafin hannu ba. Zanen Inna in ya mutu a tsakiya, sai Kaka ta raba shi biyu, ta haɗa gefe da gefe, wurin da ya sille ya koma baki, a yi masa kalmasa. In ya sake mutuwa ya zama majanyin goyo. Abin da ya rage daga nan shi ne gammon ɗaukar tulu. Idanunta sun fara rauni a lokacin, don haka ni ce mai zura mata zare a allura. "Ƙawata" take kirana, kuma in ta kira, ko wasan me nake yi sai in bari in taho.

Ƙauyenmu yana yamma da Cadakori, tafiyar hantsi ce a kan jaki zuwa Gidan Rumji. Baba manomi ne, siriri, marar yawan magana. Babbar riga guda gare shi, ta gado, wadda mahaifinsa ya bar masa. Saƙar hannu ce, an jera siraran ƙyallaye an ɗinke, aka rina ta da shuni, ga aiki a wuya da aljihu. Sai dai marigayin ƙato ne, Baba kuwa ko rabinsa bai kai ba. In ya sa ta ran Salla, yana tafe yana tattare hannuwanta yana azawa a kafaɗa, suna zamewa, yana sake azawa. Rana kuma ta ci kafaɗun har sun koma ruwan toka. Duk da haka ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Daga masallacin Idi sai cikin adudu.

Shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki, labarin ya same mu da damina, kowa na duƙe a gona, ba wanda ya sami sukunin murna. Sai bayan an kai gero rumbu mai gari ya tara magidanta, ya ce za a yi biki a Gidan Rumji, za a ɗaga sabuwar tuta, ana son kowane ƙauye ya aiko da mutanensa cikin shiga ta mutunci. Baba yana cikin waɗanda aka zaɓa. Na dame shi da roƙo, safe da yamma, har ya gaji ya ce zai ɗora ni a jaki mu tafi tare.

Inna ta fito da rigar, ta wanke ta da sabulun gida, ta shanya a kan darnin da ya raba gidanmu da gona. A gonar kuwa akwai rugar Fulani. Kowace shekara in an yi girbi sukan sauka nan, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Matar mai rugar ƙawar Inna ce, kullum takan shigo da ƙwaryar nono su yi musaya da gero, su zauna hira.

Da la'asar Inna ta ce in je in duba ko rigar ta bushe. Ina zuwa na ga darni yana motsi, rigar tana zamewa a hankali zuwa waje kamar ana janta. Na leƙa. Wani jan maraƙi ne tsaye, ya lumshe ido, hannun rigar na dama yana cikin bakinsa, yana tauna cikin natsuwa. Na kwarma ihu, na kama ɗaya gefen na ja. Shi ma ya ja. Na ji ƙyallen ya ce fyaat, na faɗi da baya riƙe da rabona, shi kuma ya yi tsalle ya nufi ruga da nasa rabon yana reto a baki.

Inna ta fito a guje da muciya a hannu. Da ta ga rigar sai ta zauna a ƙasa. Hannun dama ya tafi kusan rabi, abin da ya rage duk yawu ne da ramukan haƙora, ga wata ɓula a kafaɗa inda kara ya soke ta.

"Na shiga uku," in ji ta. "Mi zan ce ma Malam?"

Baba ya dawo daga rumbu ya tarar da mu a haka. Ya ɗaga rigar, ya juya ta, ya zura hannu ta ɓular kafaɗa, yatsunsa suka fito. Bai yi faɗa ba. Ya ninke ta ya aje a kan turmi, ya ce, "Shi ke nan. Sai in ce ma mai gari shi nemi wani."

Ni kuwa na fashe da kuka, ba don rigar ba, don Gidan Rumji.

Kaka ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ta ce a miƙo mata. Ta shimfiɗa rigar a tabarma, ta bi ta da tafin hannu tun daga wuya har ƙasa, tana kusanto da fuska. Can sai muka ji tana dariya, har da tari.

"Iya, abin dariya ne?" in ji Baba.

"To mi zan yi? Shekara nawa ina kallonka kana iyo cikin rigag ga, na rasa bakin da zan ce a rage ta. Yau ga shi dabba ta rage maka gefe guda. Saura mu rage gudan."

Baba ya ce rigar mahaifinsa ce.

"Na san ko ta wa ce, ni na kaɗa zarenta," in ji Kaka. "Shi kansa sau biyu yana sake mata wuya. Ɗauko ƴar wuƙarka ka zauna."

Washegari da hantsi muka baje a inuwar bishiyar bedi. Kaka ta nuna wa Baba inda zai bi. Ba yanka aka yi ba, warwara aka yi. Tun da rigar jerin siraran ƙyallaye ce, sai ya sa bakin wuƙa yana tsinke ɗinkin da ke tsakaninsu, har waɗanda maraƙi ya lalata suka fita gaba ɗaya. Sannan aka ninka rigar biyu, aka cire daidai wannan faɗin a hannun hagu don kada ta karkace. Ni aka ba aikin tsince tsohon zare, in ya fito da tsawo in naɗe shi a kara, don Kaka ta ce zai yi amfani.

A ranar na fara sanin Baba ya iya ɗinki. Ashe yana saurayi, da rani, yakan zauna gun mahaifinsa suna haɗa ƙyallayen masaƙa. Ya tankwashe ƙafa, ya maƙale bakin rigar a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta ta miƙe, allura tana shiga tana fita. Da farko fuskarsa a murtuke take. Da ya yi nisa sai muka ji yana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Inna ta dube ni, na dube ta, muka ƙunshe dariya.

Ɓular kafaɗa ce ta ba da wuya. Kaka ta zazzage tukunyarta kaf, ba ta sami ƙyalle mai irin wannan saƙa ba. Na hannun hagu da aka cire kuwa ta ce kada a taɓa su, tana da niyya a kansu. Sai ta juya rigar ciki waje, ta nuna shafin da aka yi wa ƙasanta, wato ƙyallen da ake liƙawa daga ciki don ta yi nauyi. Saƙa ɗaya ce da jikin rigar. Ta sa aka yanko kaɗan daga baya, inda ba mai gani, ta cike gurbin da wani tsohon zanen Inna. Ita ta yi mahon da kanta, da lalube, ta daidaita zaren maho da na riga yadda layukan saƙar suka haɗu. Ni ina gefe ina zura allura.

Maho ya zauna daram, amma sai ga wata matsala. Shafin bai taɓa ganin rana ba, baƙi ne wuluk, kafaɗar kuwa ta koɗe. Daga bakin zaure ma ana hango shi.

Muna cikin wannan sai ga ƙawar Inna ta yi sallama, da ƙwaryar man shanu a hannu. Ta durƙusa gaban Kaka, ta kasa ɗaga ido.

"Useni, Iya, ku yi haƙuri. Maigida ya ji kunya, ya kasa zuwa. Ya ce a faɗi abin da za a yi."

"Tashi, ɗiyata," in ji Kaka. "Shi maraƙin lafiya ya kwana? Bai shaƙe ba?"

"Lafiya lau, har ya fi kowa cin kara."

"To madalla. Ki ce ma maigidanki ba komi. Amma in kun sake sauka baɗi, a ɗaure shi nesa da wandon ɗana, shi ma guda ne."

Matar ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Da ta ga mahon, ita ce ta ce wa Inna, "Ba kina da tukunyar shuni ba?"

Inna tana da ita kuwa, a bayan madafa, wadda take rina zaren da take kai wa masaƙa. Ba ta taɓa sa babbar tufa a ciki ba. Suka kama su biyu, suna tsomawa suna ɗagawa, su bar ta ta sha iska ta juye daga kore zuwa shuɗi, su sake tsomawa. Hannuwansu suka rine har gwiwa. Wannan karon a tsakar gida aka shanya ta, aka zaunar da ni da tsumagiya ina gadi, ko kaza ban bari ta matso ba.

Da ta bushe, maho ya ɓace. Kaka ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka kwantar da turmi, aka ninke rigar a kai, ta yayyafa ruwa, ta barbaɗa garin shuni, ta ba Baba ƙulki ta ce ya buga. Ya yi ta bugu yana juyawa har rigar ta ɗauki wani ƙyalli mai ja-ja kamar wuyan tattabara. Da ya sa ta, ta zauna masa cif. Ya ɗaga hannuwa, ya sauke, ba abin da ya zame. Ya yi taku zuwa zaure ya dawo, sai da ya sake zuwa ya dawo.

Ƙyallayen hannun hagu kuwa, ashe ni Kaka ta yi wa tanadi. Ta haɗa su ta yi mini ƴar riga mai wuyan zobe, aka tsoma ta a sauran shunin. Ita ce rigata ta farko da ba wani ya fara sawa ba, in ba a lissafa Baba da mahaifinsa ba.

Ran biki Kawu, wan Inna, ya ara wa Baba farin rawaninsa, ya ce irin wannan riga ba ta tafiya da hula kaɗai. Muka kama hanya da sassafe tare da mai gari da sauran magidanta. Gidan Rumji ta cika maƙil. Ga makaɗa, ga masu tallan ƙosai da rake, ga ƴan lakol, yaran makarantar boko, a jere, mushensu, wato malaminsu, yana ta kai da kawo yana daidaita layi. Wani babba ya zo daga Maradi cikin mota, ya yi jawabi da Faransanci, tafinta yana juyawa. Aka ja igiya, tuta ta hau, ruwan goro da fari da kore. Baba ya ɗaga ni sama don in gani.

Rana ta take, zufa ta keto wa kowa. Da aka watse muka koma gindin wata tsamiya, sai na ga wuyan Baba ya yi shuɗi. Ya share fuska da hannu, goshi ma ya yi shuɗi. Gefen rawanin Kawu da ya sauko kafaɗa duk ya rine. Na ce a raina asirinmu ya tonu.

Sai ga wani dattijo daga Sae Sabuwa, cikin shiga mai kyau, ya matso ya yi sallama. Ya kama gefen rigar ya murza, ya dubi yatsunsa da suka yi shuɗi, ya jinjina kai.

"Malam, wagga ta Kano ce ko? Irin mai zuba ɗin nan ta ainihi. Rabona da ganin irinta an daɗe. Wane bafatake ya kawo maka?"

Ban san ba sai ranar, ashe a wurin manya zubar shuni ita ce alamar riga mai tsada. Mutane suka fara taruwa, kowa na son ya taɓa. Mai gari, wanda ya san komai, ya kau da kai yana gyaran murya.

Baba ba ya iya ƙarya ko da wasa. Ya ce, "Wallahi Alhaji, ba ta Kano ba ce. Ta mahaifina ce. Maraƙi ya cinye hannu guda, tsohuwata ta sa anka cire gudan, mai ɗakina ta rina."

Dattijon ya ɗauka ba'a ce. Sai Baba ya jawo ni gabansa ya ce, "Ga hannun hagun nan, ɗiyata ta sa shi."

Wurin ya kaure da dariya. Da dattijon ya ji har maho aka yi mata, ya ce a nuna masa, Baba ya laluba kafaɗa, shi kansa sai da ya nema kafin ya samu. Mutumin ya saya mini rake, ya ce in gaida Kaka, in ce mata yana da riguna a adudu da ya fid da rai da su, zai sake duba su.

Mun iso gida da yamma. Kaka ta sa na ba ta labari tun daga farko, inda na tsallake ta mai da ni baya. Inna kuwa hankalinta na kan rawanin yayanta. Ta wanke, ta sake wankewa, shuɗin ya ƙi fita, sai ma ya bazu. Da safe ta ɗauka ta kai masa, ni ina biye, tana ta shirya kalaman ban haƙuri a hanya.

Kawu ya warware rawanin, ya ɗaga shi ga rana, ya dubi dabbare-dabbaren.

"Shunin naki da saura?" ya tambaye ta.

Ta ce da saura.

"To mi kike jira? Tsoma shi duka. Amma a buga mini shi kamar na mijinki, ni ma in je kasuwar Cadakori a tambaye ni."