Ƙarafan Yaya Sani a Jikin Dutse

Shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Sani a Bungudu, amma har yau in na ji warin ƙonanniyar taya sai raina ya ɓaci.

Shi mai walda ne, matarsa Hajara kuma fasa dutse take yi. Akan jibga tsofaffin tayoyi a kan dutsen a cinna wuta, in ya yi zafi a kwara masa ruwa ya tsage. Hayaƙin kuwa matan da ke aikin ke shanye shi. Yaya ke taya ta ƙonawa, shi ya fara tari.

Sai ya ce zai raba matan da hayaƙi. Ya huda dutsen, ya zura ƙarafa biyu, ya jawo waya daga shagonsa, wai lantarki ya gasa shi daga ciki. Gari ya ɗauka da dariya, 'yan tasha suka sa masa suna Injiniya. Ni dai na taɓa dutsen da hannuna na ji ɗumi, amma kullum kafin ya yi zafi sai a ɗauke wuta. Yakan ce, "Dutsen ga bai da gardama, wuta aka hana muna."

Makon jiya a Gusau wani ya nuna mini a waya yadda a wata ƙasa ake zura wa dutse lantarki, ya tsattsage har man da ke cikinsa ya fito. Masu dariyar jiya su ke jinjina yau. Da Yaya na nan murna zai yi, na san halinsa. Ni haushi ya cika ni. Daga Tsafe zuwa garinmu turakun lantarki na tsaye babu wuta kamar 'yan zaman makoki, in ka yi magana a ce ka yi haƙuri. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To, Yaya ya ɗora, wa ya janye masa wutar?

Bana Hajara ta fara irin tarinsa. Na roƙe ta ta bar aikin, ta ce, "Ƙanena, in na bari mi za mu ci?"

Abin da ya rage na Yaya ƙarafan nan ne biyu, sun yi tsatsa a jikin dutsen. A kansu take rataye mayafinta kafin ta cinna taya.