Gwaggo Mai Dankali da Kwanukanta Biyu

Tun kafin a gama share barandar asibitin yara, Gwaggo Mai Dankali ta iso ta jera kwanuka biyu a kan benci. Ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan da ta zabga wa gishiri. Sai ta fere dankali, ta raba biyu, ta jefa kowane yanki a kwanonsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka kullum, har likitoci na tsokanarta wai ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa aiki da cefane.

In iyaye mata suka cika benci, sai ta tsamo yankan biyu su taɓa. Na ruwa zalla ya ƙoshi, ya yi tauri. Na gishiri kuwa ya yi laƙwas kamar tsohon silifa.

"Kun gani? Ruwa bin gishiri yake yi. Jikin ɗanki ma 'yan mitsi-mitsin ɗakuna ne cike da ruwa. In yana gudawa kika cika gishiri a ruwan da za ki ba shi, ɗan abin da ya rage masa za ki janye. Gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari cokali shida, ruwa lita guda. Ba miya kike haɗawa ba!"

Su kwashe da dariya su watse. Abin da ke cin ranta ke nan: karatun suke tafiya da shi gida, ko dariyar? Ta sha karɓar yara idanu sun faɗa, don an ɗauka yawan gishiri ne ƙarfin magani.

Ranar da za ta ajiye aiki, wata matashiya ta shigo da goyo, surukarta na biye tana mita.

"Ki yi min tsakani da yarinyar nan! Jikana na zawo tun jiya, na ce a ƙara gishiri, ta ɓoye gwangwanin. Wai sai ta yanka min dankali!"

Gwaggo ta ɗan ja fatar cikin yaron, nan take fatar ta koma daidai. Ido garau, har yana kai wa tabaraunta wawura.

"'Yata, a ina kika san ni?"

"Ban san ki ba, Gwaggo. Mamata ce ta nuna min. Ta ce ni ce a bayanta ranar da ta taɓa dankalinki."

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Gwaggo, ke ce uwar 'ya'yan da ba su san fuskarki ba. Ke ce kika sauko da ilimin manyan littattafai cikin kwano, har ya kai ga jikoki. Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma masu tasowa, kwanukan nan biyu ta bar su a kan benci. Gobe wani ya zo da dankali.