Irin Barkonon Kakata

Jiya da hantsi ruwa ya zube mini a kan ƙasar tsakar gida mai zafi, wani ƙamshi ya taso, nan take na tuna kaskon kakata.

Idan ba ka san Damargu ba, bari in gaya maka yadda ake yi da barkono a wajenmu. Daminarmu gajeriya ce. Wanda ya jira ruwan sama kafin ya yafa iri, barkononsa zai fara fure ne lokacin da ruwa ya ɗauke. Don haka tun cikin bazara mata ke yafa shi a kasko, su rene shi a inuwa, in damina ta zauna su dasa a bayan ɗaki.

Kakata, mahaifiyar babanmu, ta zo da irinta ne daga garinsu kusa da Damagaram, kuma na mahaifiyarta ne. Shekarar da nake ba ka labari, fara ta riga ta cinye lambun bara. Abin da ya rage ɗan ƙulli ne a tsumma. Ta gauraya rairayi da busasshen kashin awaki, ta yafa irin gaba ɗaya, ta rufa da ciyawa, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Ruwan alwalar mutanen gida take tarawa a tasa don ban-ruwa. Ba a kwarara wa irin barkono ruwa, ƙanana ne, sai su taru gefe guda. Guntsa take yi, ta fesa da baki, ya sauka kamar raɓa.

Sai rijiyar garinmu ta ja baya. Babanmu ya koma tafiya da jakuna wata rijiya ta wajen Gangara, ya bi layi bayan raƙuman makiyaya, ya dawo da la'asar da abin da ya samu. Ya kafa doka: ruwa na sha ne da girki, kowa da rabonsa, salla kuwa da taimama, kamar yadda liman ya ce. Tasar kakata ta bushe.

Ni nake kai mata ƙwaryar ruwanta safe da yamma. Sai ta karɓa, ta ce in duba ko ana kallonmu, ta zagaya bayan ɗaki. Kurɓi ɗaya take haɗiyewa, sauran ta fesa wa kasko. Ta ce kada in gaya wa kowa, iri ne tsoho, nauyin barci gare shi, amma zai tashi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kullum ina ɗaga ciyawar, ƙasa kawai nake gani. Abin da ke canzawa kakata ce. Leɓɓanta suka tsattsage. Ta daina cin goro, don babu yawun taunawa. In ta yi magana sai ka ji harshenta na mannewa. Na rasa wanda zan ji tsoro, ita ko babanmu.

Wata rana ta tashi daga sallar azahar, jiri ya kwashe ta, ta faɗa jikin zana. Innarmu ta tallafe ta, ta ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan har ta buɗe ido. Da babanmu ya dawo bai sauke jakuna ba. Ya dubi bakinta, ya zagaya bayan ɗaki ya taɓa ƙasar kasko, ya ji danshi. Ya tambaye ni ina ruwanta ke tafiya, na gaya masa.

Ya ɗauko kaskon ya nufi bola. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Tana kwance a tabarma ta ce da ni:

"Ke 'yar nan, gaya wa wancan, in ya zubar, ban da abin uwata ko ɗaya a garin nan."

Ya tsaya, kaskon na hannunsa. Ya ce, "Inna, in kika mutu saboda yajin miya, me zan ce wa mutane?"

Ta juya fuskarta ga bango. Ban san tsawon tsayuwarsa ba, amma na tuna jakunan na can da kaya a bayansu, ba wanda ya kula su. Daga baya ya mai da kaskon wurinsa. Ya ce daga yau zai tsaya a kanta har ta shanye rabonta. Sannan ya ɗauki nasa rabon, mutumin da ya yini a rana, ya tsuguna, ya guntsa ya fesa. Bai iya ba, rabi ya bi gemunsa. Kakata ta ce in gaya masa ya matse baki, ba raƙumi yake wankewa ba.

Haka suka ci gaba, ƙishin ya koma kansa. Da irin ya tsiro, 'yan kaɗan ne, kowanne a lanƙwashe kamar ƙugiya. Rabinsu zafi ya kashe kafin ruwa ya sauka. Sauran sun yi 'ya'ya, ta sake ƙulla tsummanta.

Yau akwai famfo a garinmu, kakata ta daɗe da rasuwa, jikokin barkononta na bayan ɗakina a Tanut. Babanmu ya tsufa, yana hannuna, likita ya hana shi yaji saboda cikinsa. Ni ce mai dokar yanzu. Wani lokaci nakan hango shi ya dogara sanda ya zagaya baya, ya tsinki ɗaya ya ɓoye a aljihu. Sai in tsaya a bakin ƙofa da maganar a bakina, har ya wuce ni ya zauna cin tuwonsa.