Takardar malamin gona

Rana ɗaya muka shiga ajin yaƙi da jahilci ni da ƙanena a Kiru. Cikin wata huɗu shi ya fara karanta allon shaguna, ni kuwa ina nan ina fama da baƙaƙe. Na girme shi da shekara tara, abin yana ci mini rai, amma ban taɓa faɗa ba.

A ranin shekarar muna noman tumatir kusa da Tiga, mu biyu da Babanmu. Malamin gona ya raba wata takarda da Hausa game da maganin feshi. Ni ya miƙa wa, don ni ne babba. Na ninke ta na sa a aljihu, na ƙi nuna wa ƙanena don kada ya karanta ta a gabana.

Wata rana da hantsi Baba ya goya tankin feshi, iska tana maido masa maganin a jiki. Da muka waiwaya sai ga shi a durƙushe. Yawu na dalala, gumi ya jiƙa rigarsa, ƙirjinsa na ƙugi, baƙin idonsa ya tsuke kamar ƙwayar gero.

Na ruga bukka na ɗauko manja, don da shi muka saba yi wa wanda ya sha guba magani. Ƙanena ya riƙe hannuna.

“Yaya, ina takardar nan da kake ɓoyo?”

Ashe ya sani. Na zaro ta, ya karanta da sauri. Kada a ɗura wa mutum manja ko nono. A cire masa kaya, a wanke shi da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin.

Ni na wanke Baba. Ni na goya shi har bakin titi, yawunsa na zuba a wuyana. Ƙanena kwalba kawai ya riƙo.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba kwalbar, ta yi wa Baba allura, ta saurari ƙirjinsa, ta ƙara wata, ta sake ƙarawa. Ta ce a jiki akwai jijiyoyin da ke rage bugun zuciya, su sa yawu ya zubo, hanji ya motsa. Gubar tana hana su hutawa, sai ruwa ya cika ƙirji. Allurar, atrofin, ita ke tare musu hanya har ƙirjin ya bushe.

“Wa ya yi dabarar kawo kwalbar?”

Ƙanena ya sunkuyar da kai, ni na kalli bango.

Baba ya warke, na gode wa Allah. Amma duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce masa, “Ƙaramin nan ne ya cece ni. Babban da manja ya zo!” Su yi dariya, ni ma in yi.

Ban bar aji ba. Shekara uku na yi kafin na iya karanta takardar daga sama har ƙasa. Ranar na sami Baba a zaure bayan La'asar, na zauna na karanta masa a hankali, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

“Madalla. Ai ita ce wadda ƙaninka ya karanta, ko?”

“Ita ce, Baba.”

Na ninke ta na mayar aljihu. Har yau bai tambayi wanda ya goya shi ba.