Ranar da Fiddausi ta ce wa Malam Mamman mushe

Fiddausi jikar ƙanwata ce. A Ƙonni aka haife ta, can Nijar, uwarta ce 'yar Bodinga. Da ta ƙare boko ta taho wurina. Na ɗauka ɗinki za ta koya kamar 'yan matan unguwarmu, sana'ar da ake yi a cikin ɗaki, sai ta ce gyaran injin ban-ruwa take so. Na ce, "Ke da baƙin mai har gwiwar hannu, wa zai kwashe ki?" Ta ce, "Kaka, akwai sabulu."

Na kai ta Dandin Mahe wurin Malam Mamman makanike. Don kunyar furfurata ya yarda. Yarinya ta durƙusa gaban jama'a ta ce, "Ina kwana, Mushe."

Dattijo da ransa da jikokinsa, a kira shi abincin ungulu. Ya ce in ɗauke ta daga gabansa.

A mota take gaya mini, tana kuka, wai a can haka 'yan makaranta ke kiran malami, girmamawa ce. Na ce wace irin ƙasa ce ake girmama mutum da mataccen jaki?

Washegari muka koma ban-haƙuri. Bai saurare ni ba sai da wani mai albasa da ke zuwa Ƙonni ya ce gaskiya ne, haka suke cewa. Malam Mamman ya ce shi dai bai ga abin da mace, baƙuwa kuma, ke nema a rumfarsa ba. Ya ce, "Maza ma mi suka nema?" Ya tambayi almajiransa biyu. Anas ya ce babur yake so ya saya ya yi Abuja. Lukman ya ce aikin gwamnati yake jira, mai ofis da fanka. Ya juya ga Fiddausi.

Ta ce, "Ni rumfarka nake so, in ka tsufa."

Na soma laluben takalmana da ƙafa, don na san kora ta biyu ta zo. Mutum yana zaune a yi masa rabon gado.

Malam Mamman ya dube ta, ya dubi samarin. Can ya ce, "Ɗiyan cikina ma ba wanda yat taɓa roƙona ita." Ya miƙa mata sifana, ya nuna mata wani inji da ke kwance a ƙasa.

Tana can har yau. Anas ya tafi tun bara.