Garayar da ba a yi wa kuɗi ba

Shekara biyu bayan na sauke farali na maƙale a unguwar Jarwal ta Makka ba takarda, sai hannuna ya fara ƙaiƙayin sana'ar gidanmu. Mu masassaƙan garaya ne tun kakanni. Makka kuwa ba ta da komai na wannan aiki. Itacen da na fafe, guntun tsohuwar ƙofa ne. Fatar gada babu ita, sai ta akuya na jeme da kaina. Ta farko na ja ta yadda muke ja a gida, zafin garin ya ƙara ɗaure ta, ta tsage kafin la'asar. Ta biyu ma haka. A ta uku na koyi barin ta sako-sako, rana ta ƙarasa aikin. Wata huɗu na yi a kan garaya ɗaya, ina ɓoye ta a buhun gawayi, don maigidan da nake haya ya ce kiɗa ba ya shiga gidansa.

Wanda ya sa ni aikin wani Bakatsine ne mai sayar da ruwa, tsohon maharbi. Ranar da ya zo karɓa, ya miƙa hannu aljihu ya ce, "Nawa ne, maigida?"

Na ce, "Haba Alhaji, yau ka fara sayen garaya?"

A gidanmu ba a yi wa garaya kuɗi tana kwance. Mai sassaƙa zai kaɗa take guda har ƙarshe, mai saye ya ji da kunnensa, sannan shi ya faɗi abin da ta kai. Da ina da wayo da na faɗi kuɗi na karɓa kawai. Amma girman kai ya hana, ga shi kuma ina son a yaba.

Na rufe taga na fara a hankali. Muryarta ta fito ras, tsohon ya lumshe ido, ni kuma na manta a ina nake. Na saki hannu.

Ƙofa ta bugu da bango. Mai gidan hayar ne, Bahaushe haifaffen Makka, da sandar gora a hannu. "Haram alaik! Kiɗan aljanu a gidana, ga Harami can?" Na ce, "Baba, tsaya ka ji," sanda ta sauka a kafaɗata. Ya sake ɗagawa, wannan karon garayar ya nufa, sai na shimfiɗa hannun hagu a kanta. Na ji ƙas, ƙas, yatsu biyu sun tafi. Bai tsaya ba. Ya fizge ta, ya maka da bango, ya sa ƙafa ya burma fatar, yana haki yana kora ta da Larabci, "Barra! Barra!" Jini ya cika mini baki, ban ma san lokacin da ya same ni a nan ba. Na tsane shi a ranar, kuma ban daina ba.

Marar takarda ba ya zuwa asibiti, ba ya kai ƙara. Bakatsinen ne ya ɗora ni da tsinken kwando da tsumma, yatsun suka warke a karkace. Ba su ƙara danna tsirkiya ba.

Yana cikin ɗaurin na tambaye shi, "Alhaji, da nawa za ka ce?"

Ya ƙulle tsumman, sannan ya ce, "Ai ba ka kai ƙarshen taken ba."