Ƙwaryar Mma Zuera

Kafin rana ta yi zafi Mma Zuera ta riga ta sauko daga trotro, ƙaramar bas ta haya, a bakin titin Maamobi, jarkar madara a ka. Haka aka san ta tun gashinta yana baƙi. Da can rugar Fulanin ba ta da nisa, sai masu gini suka dinga cinye filin kiwo, shanu suna ja da baya, ita kuma tana bin su. In ta iso gida ta dafa madarar, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan nonon jiya, ta rufe ƙwarya. Wannan ɗan ragowar shi take kira iri, kuma daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi. In aka bar shi kwanaki ba a sabunta ba, ya lalace ke nan.

Ba ta yarda a cakuɗa mata sunaye. Wadda aka tatso yanzu madara ce. In ta kwana ta kama jikinta, man shanunta na ciki, kindirmo ke nan. In an kaɗa an cire man shanu, abin da ya rage tsala ne. Duka ana ce musu nono, amma a wajenta sai abin da ya fito daga saniya ya kwana a ƙwarya. Yau ko'ina ka bi a Nima, a dama madarar gari a bokiti, a zuba sukari da ƙanƙara, a ɗura a roba, ana ta kiran nono, ko kunya babu.

"Mma, ki huta mana," maƙwabciyarta Wadia, mai sayar da na roba, takan ce. "Da babu gara ba daɗi."

"Yoo, na ji. Ki sayar da abinki, 'yata, amma ki kira shi da sunansa."

Mutane sun ɗauka taurin kai ne, alhali tana da dalili. Zango, unguwar baƙi, cike yake da tsofaffin da suka baro garuruwansu suna samari, suka ƙare ƙarfinsu a dako da gadi, ba su koma ba. In ciwon ajali ya kama ɗayansu, maƙogwaro ya ƙi tuwo, ya ƙi koko, abu ɗaya yake nema, kuma ba na roba ba ne.

Baba Lawal, tsohon maigadi, yana cikinsu. 'Ya'yansa suka sayo masa na kanti, ya ɗanɗana, ya juya fuska ga bango. Aka aika wa Mma Zuera, ta ce sai da safe. Da safen aka tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, babban gota, magudanar ruwan unguwa, ya cika ya tumbatsa, ruwa ya faɗa ɗakinta. Wadia ta gan ta ta fito ruwa har ƙugu, katifarta da tufafinta suna yawo a tsakar gida, ita kuwa hannu biyu ta riƙe ƙwarya a ka. Ba ta waiwayi kayan ba. Da ta isa, Baba Lawal ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan na garinmu ne." Bai kai la'asar ba.

Ke ce, Mma, kike kai wa baƙo garinsu a cikin ludayi ranar da ba shi da ƙafar zuwa. Ke ce ake tunawa in mutuwa ta kusa, a manta da ke in an gama sadaka. Uwar marasa kowa, Allah Ya gani.

Yanzu ita ce a kwance. Gwiwoyi sun ƙi, numfashi sai da ƙyar, abinci ba ya wucewa. 'Yarta Samiratu tana aikin shago a Adabraka, ta ce ita ba za ta iya bin shanu ba, kuma babu mai ganin laifinta. Shekaranjiya Mma ta ce tana son nono. Aka nema, aka rasa mai zuwa ruga. Wadia ta kawo nata na roba.

"Kafara, Mma, ki yi haƙuri, shi ke gare ni."

Mma ta sha kaɗan, ta share baki. "Madara ce mai sanyi, Allah Ya yi miki albarka," in ji ta. Sai ta dubi ƙwaryar da ke kan kujera, ta ce, "Da babu gara ba daɗi." Wadia ta fita waje ta fashe da kuka.

Mun gode, Mma Zuera, godiyar da ta zo a makare. Ku kuma matan Maamobi da Nima, irin bai mutu ba tukuna, yana cikin firjin Wadia, ga wuta ana ɗaukewa. Mma tana iya magana har yanzu, za ta nuna wa duk wadda ta zo. A samu mai shiga trotro gobe da safe, ta dawo da madara, ko Mma ta sha na garinsu kafin ta tafi.